Zare ya fi ƙarfe tausayin haƙori

Haƙorin da aka cire wa jijiya yana buƙatar sabon gini. Likita ya huda shi, ya rarake ruɓar da ke ciki, ya bar siririn bango wanda dole ya ci gaba da tauna. An daɗe ana kafa turken ƙarfe a cikin saiwar, a ɗora ciko, a kifa hula. Yanzu likitoci da yawa sun koma ga kayan da aka ƙarfafa da zare, kuma ni ina bayansu.

Ƙarfe ya fi ƙashin haƙori tauri nesa ba kusa ba. In mutum ya ciji ƙashi ko tsakuwa a cikin shinkafa, turken ba ya lanƙwasa, sai nauyin ya taru wuri guda, wani lokaci saiwar ta tsage tsaye. Irin wannan tsaga kuwa galibi ƙarshenta cire haƙori. Turken zare, wanda likitocin Faransa suka gabatar a 1990 da zaren kabon kafin na gilashi ya yaɗu, yana ɗan lanƙwasawa tare da haƙori. In ya gaza, yawanci kwancewa yake yi, a samu damar gyara.

Akwai kuma ciko mai gajerun zaruruwan gilashi, irin everX Posterior, wanda ya samo asali daga binciken Jami'ar Turku ta ƙasar Finland. Aikinsa irin na ciyawar da magina ke cuɗawa da ƙasa ne: tsaga ta taso, zare ya tare ta.

Sai dai ina jin tsoron masu ɗaukar zare a matsayin maganin komai. Turke, na ƙarfe ne ko na zare, ciko yake riƙewa, ba ya ƙara wa saiwa ƙarfi. Ana son lafiyayyen haƙori kimanin milimita 2 ya rage sama da dasashi, wanda hula za ta kama ta kewaye. Matauni da suka rasa bangonsu har yanzu suna buƙatar a rufe samansu. Gam ɗin da ke manna zaren ma ba ya shiri da yawu, dole a killace haƙorin da roba ya bushe sarai.

Saboda haka darajar zare a wurina ita ce yana ba likita damar rage sassaƙa. Majiyyaci ya tambayi likitansa nawa ne zai rage na ainihin haƙorinsa, domin wannan ragowar ce za ta ɗauki tauna shekara da shekaru.