Zaren Dabus: tsakanin mai kallo da naman dawa

A shekarar 2018, idon duniya ya koma tekun Pasifik, kusa da iyakar Amurka da Kanada, inda wata orka mai suna Tahlekwa ta yi kwana 17 tana tura gawar jaririyarta a kan ruwa. Orka ƙatuwar dabbar teku ce mai baƙi da fari, wadda ke shayar da ɗanta nono. Masu kallo da yawa sun ce baƙin cikinta nasu ne. Sai dai akwai tambaya: dabbar suka gani, ko kuwa hoton kansu?

Mutumin Arlit ba ya bukatar teku kafin ya yi wannan tambaya. A Dabus, kimanin kilomita 110 arewa da Agadas, kusa da hanyar uraniyom, akwai raƙuman dawa biyu sassaƙe a kan dutse, namiji da mace. Babban ya haura mita 5. Bafaranshe Kiristiyan Dupuy ne ya sanar da masana labarinsu a 1987, kuma an ƙiyasta shekarunsu tsakanin 6.000 da 8.000, tun zamanin da Sahara ke da ciyawa da tafkuna.

Gwanintar aikin tana cikin haƙurin mai shi. Ya kankare dutsen, ya goge shi, ya zurfafa layin jiki, sannan ya bi dabbare-dabbaren fata ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai daɗe yana laɓe yana kallon dabbar ba, ba zai san yadda wuyanta ke tashi daga kafaɗa ba. Amma mutumin da ke ƙarƙashin kowane raƙumi ɗan ƙarami ne, an zana shi da layuka kaɗan. Daga bakin dabbar wani zare ya sauko zuwa gare shi.

Masana sun saɓa a kan zaren. Wasu sun ce igiyar farauta ce ko ta horo, wasu sun ce alamar addini ce. Fassarar igiya tana da rauni, domin mai son nuna mulkinsa a kan dabba ba ya ƙanƙanta kansa haka. Mai sassaƙar ya yarda akwai zumunci, amma ya bar wa dabbar girmanta. A nan ya fi yawancin masu kukan Tahlekwa, waɗanda suka mai da ita madubi.

Yau babu raƙumin dawa a Ayar. Ragowar irinsu na Afirka ta Yamma sun tsira ne a yankin Kure, kusa da Yamai, inda aka ƙirga 49 kacal a 1996, kafin kariya ta kai su ɗaruruwa. Yaron Arlit ko na Akokan, inda ma'adinin Kominak ya rufe a 2021, ya tashi yana jin cewa darajar ƙasarsa tana ƙarƙashinta. Dabus na nuna masa wata dukiyar da ba a haƙa, ba a loda ta a mota, amma ƙusa ɗaya a hannun mai son rubuta sunansa kan iya lalata ta.

Gani ya kori ji. Ya dace malamai da ƙungiyoyin al'adu su kai ɗalibai wurin in hanya ta yi lafiya, ko su kawo musu hotonsa cikin aji, su bar su su auna tsawon dabbar da na mutumin kafin a yi musu wani bayani.