Tsokaci a kan kayan koyarwa na kyauta na intanet a ajin harshe biyu

Cikin wannan taƙaitaccen nazari muna so mu auna wani ra'ayi da ya yaɗu: wai kayan intanet na kyauta suna biyan bukatar kowane darasi. Ba mu musa amfaninsu ba. GeoGebra, wanda Markus Hohenwarter ya ƙirƙiro a 2001, yana nuna wa ɗalibi yadda kusurwoyin alwatika ke canzawa amma jimlarsu ba ta barin 180°. Kiwix kuma yana buɗe Wikipedia ko babu intanet.

Sai dai abu biyu ne masu wannan ra'ayi ba su duba ba. Na farko, kyautar ta tsaya ga manhaja: lantarki, waya da kuɗin intanet suna wuyan malami ko uwaye.

Na biyu, harshe. Tun 1973 aka fara gwajin karantarwa da Hausa a Damagaram, kuma dokar 98-12 ta 1998 ta ba harsunan ƙasa gurbi a makaranta. Google Translate ya karɓi Hausa a 2013, amma galibi Hausar Najeriya yake maidowa, yana rubuta 'y inda ƙa'idarmu ta ce ƴ. Yaron da ke kwafarsa zai riƙa tsammanin littafinsa ne ya yi kuskure.

Saboda haka, a ganinmu, kamata ya yi malami ya sa ɗalibai su gyara fassarar na'ura cikin aji, su faɗi hujjar kowane gyara.