Gwauruwa da Ikon Zaɓen Miji: Nazarin Sarauniyar Malfi

Cikin wasannin kwaikwayo na Ingila na zamanin Shakisfiya, da wuya a sami macen da ta riƙe al'amarin aurenta a hannunta kamar Sarauniyar Malfi. Jon Websta ne ya rubuta wasan, mai suna The Duchess of Malfi. An fara yin sa a Landan wajen 1614, aka buga shi a 1623. Tushen labarin wani abu ne da ya faru da gaske a Italiya a farkon ƙarni na 16. Tambayar da za mu bi ita ce: macen nan tana da ikon yin abin da ta yi? In tana da shi, me ya sa ikon bai cece ta ba?

Labarin a taƙaice

Sarauniyar gwauruwa ce mai ƙuruciya, tana mulkin ƙasar da mijinta ya bari. Tana da 'yan'uwa maza biyu: Fadinan, wanda tagwaye ne da ita, da kuma Kadinal, babba a ikkilisiyar Roma. Dukansu sun hana ta sake aure, har suka dasa mata ɗan leƙen asiri mai suna Bosola a gida. Suna juya baya ta kira Antoniyo, mai kula da gidanta da dukiyarta, mutumin kirki amma ba ɗan sarauta ba. Ita ta fara maganar aure, ita ta sa masa zobe, suka yi alkawari a ɗaki, baiwarta Kariyola tana shaida. Suka haifi 'ya'ya uku a ɓoye. Da asiri ya tonu, Fadinan ya tsare ta, ya gana mata azaba, ya sa aka shaƙe ta tare da ƙananan 'ya'yanta biyu.

Auren ya ɗauru?

Mai karatu na yau zai iya cewa wannan zaman dadiro ne. Masu kallo na zamanin Websta sun san ba haka dokar take ba. Tun ƙarni na 12 ikkilisiyar Yamma ta tsaya a kan cewa yardar namiji da mace, in sun furta ta da bakinsu cewa yanzu sun ɗauki juna, ita ke ƙulla aure. Sai a 1563 Majalisar Tirent ta wajabta wa 'yan Katolika firist da shaidu biyu, labarin Malfi kuwa ya riga wannan. A Ingila dokokin ikkilisiya na 1604 sun bukaci a yi sanarwa sau uku, ana kuma hukunta wanda ya ƙetare, amma auren bai warware ba. Sai dokar 1753 ta rufe wannan ƙofa.

Ta fuskar Littafi Mai Tsarki ma tana da madogara. A 1 Korintiyawa 7:39 Manzo Bulus ya sake wa matar da mijinta ya mutu mara ta auri wanda take so, muddin cikin Ubangiji ne. A 1 Timoti 5:14 ya shawarci gwauraye masu ƙuruciya su yi aure. Babu inda aka ba 'yan'uwanta maza ikon hanawa.

A nan ne gwanintar Websta ta fito. Littafin Wiliyam Fenta na 1567, inda ya sami labarin, ya zana ta a matsayin mace mai bin sha'awa wadda ta zubar da darajar gidansu. Websta ya ɗauki wannan zargi ya sa shi a bakin Fadinan, mutumin da wasan ya nuna zuciyarsa cike da ƙazamin tunani game da 'yar'uwarsa. Bayan ta mutu, Fadinan da kansa ya ce ya so ta zauna gwauruwa domin ya gaji tarin dukiya. Kadinal kuwa, wanda ya zare mata zoben aure a wurin ibada na Loreto, yana ajiye da matar wani, daga baya ya kashe ta da guba da ya shafa wa littafin da ya sa ta sumbata a kan rantsuwa. Masu tsaron mutuncin gida ke nan.

Inda ikonta ya tsaya

Duk da haka wasan bai wanke ta sarai ba, kuma wannan ne ya sa ya fi wa'azi mai gefe ɗaya amfani. Ta sami ikon zaɓe, ba ta sami ikon bayyanawa ba. Auren da ba a sani ba ba ya kāre kowa. Talakawanta suka ɗauke ta karuwa, 'ya'yanta suka tashi ba a san ubansu ba, mijinta ya ci gaba da zama bara a idon jama'a. Ɓoyewa ta haifi ƙarya. Ta yi wa Antoniyo ƙazafin cin amana a gaban fadawa domin ya sami hanyar gudu, sa'an nan ta fake da ziyarar ibada zuwa Loreto. Kariyola ta nuna mata ba ta ji daɗin wasa da addini ba, ita kuwa ta raina maganar. Kuma bakinta ne ya tona asirin: da Bosola ya yabi Antoniyo, daɗi ya kwashe ta, ta gaya masa shi ne mijinta.

Hukuncina shi ne, zaɓen daidai ne, ɓoyewar rauni ce, amma nauyin ɓoyewar yana wuyan waɗanda suka toshe mata hanyar fili. Wa za ta kai wa sanarwar aure, alhali ikkilisiyar da ke gabanta ɗan'uwanta ne Kadinal?

Lura kuma da yadda ta mutu. An nuna mata gumakan kakin zuma a kan gawar mijinta da 'ya'yanta ne, an tara mata mahaukata a ƙofa, hankalinta bai gushe ba. Damuwarta ta ƙarshe ita ce a ba ɗanta maganin mura, a sa 'yarta ta yi addu'a kafin barci. Ta durƙusa ta karɓi mutuwa, domin ta gane da tawali'u ake shiga sama. Fadinan ne ya haukace, yana ganin kansa kyarkeci. Websta bai taɓa ba ta suna ba, sarautarta kaɗai ake kira, amma ita ce mutum mafi cika a wasan.

Domin mai hidima

'Yan'uwa, gwauruwa za ta zo ofishinku da maganar aure, danginta ko dangin mijinta na biye da ita da maganar mutunci. Wani lokaci damuwarsu gaskiya ce. Wani lokaci gona ce, ko gida, ko kuɗin sallama. Aikin fasto shi ne ya rarrabe, ya ji bakin matar ita kaɗai, ya binciki mutumin da take so, sa'an nan ya buɗe mata hanyar aure a fili. Ikkilisiyar da ta ƙi zama shaida ga auren halal, ita ke tura 'ya'yanta ɗakin ɓoye.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Shawarar dangi da iznin dangi, ina bambancinsu ga gwauruwa bisa ga 1 Korintiyawa 7:39?
2. Ƙaryar da Sarauniyar ta yi don ceton mijinta, yaya za ka auna ta?
3. Da kai ne limamin fadar Malfi, me za ka yi ranar da ta zo maka da maganar Antoniyo?