Himma a bakin ƴan jarida

Kalmar himma baƙuwa ce da ta zama ƴar gida. Daga Larabci ta zo, inda take nufin girman buri da ƙudurin zuciya, amma Bahaushe ya sauko da ita gona da maƙera. A wurinsa himma aba ce da ido ke gani: wanda ya riga rana fita, ya gama noman fari kafin maƙwabtansa, shi ake kira mai himma. Ba a ba mutum wannan shaida sai an ga guminsa. Shi ya sa aka ce himma ba ta ga rago.

A labarun rediyo kuwa, kalmar ta sauya hali. Dalili a fili yake. A Nijar mafi yawan sanarwar hukuma da Faransanci ake rubuta ta, kuma mai fassara a Muryar Sahel, ko a gidajen rediyo masu zaman kansu da suka fara buɗewa a shekarun 1990, ba ya da isasshen lokaci kafin a shiga labarai. In ya ci karo da engagement, himma, détermination, himma, volonté politique, himma, redoubler d'efforts, ƙara himma. Kaya huɗu aka ɗora wa jaki guda, alhali a Faransanci biyu ko uku daga cikinsu alkawari ne kurum, ba aiki ba.

Abin ya fi muni da aikatau himmatu. Wannan siga, irin ta dafu da gyaru, tana nuna abu ya tabbata sosai. In an ce tuwo ya dafu, ba sauran jira. To, in aka ce hukuma ta himmatu wajen samar da ruwan sha, me mai sauraro a ƙauyen Tawa zai fahimta? Zai ɗauka an fara gina rijiya. A takardar asali kuwa, wataƙila niyya kaɗai aka bayyana a wajen buɗe taro. Ɗan jaridar bai yi ƙarya da gangan ba, nahawu ne ya yi ta a madadinsa.

Akwai kuma batun wanda ake ba himma da wanda ake nema daga gare shi. A jimlolin labarai, babba ne ke nuna himma, talaka ne ake kira da ya ƙara ta. Amma ƙari ba ya zuwa sai inda aka gaza. Manomin Maraɗi ko na Damagaram da fari da fara suka cinye gonarsa a 2004, har yunwa ta biyo baya a 2005, ba himma ya rasa ba. Duk labarin da ya ce da irinsa ya ƙara himma, ya ɗauke laifi daga sama da kasuwa da rumbun gwamnati, ya aza masa a ka.

Hausa ba ta yi talaucin kalmomi a nan ba. Akwai niyya da ƙuduri ga abin da ba a fara ba, alkawari ga abin da aka furta, ƙwazo ga aikin da ya fito, naci ga wanda ya ƙi gajiya, ɗoki da zumuɗi ga mai gaggawar da ba lalle ta ɗore ba. Rediyo ta fi littafi isa gidajen mutane, kuma daga gare ta yara ke ɗaukar Hausar da suke zato ita ce ta manya. A takardun ɗaliban koleji yanzu ana samun yaron da ya himmatu wajen karatu a layi na farko, a layi na biyu kuma bai buɗe littafin ba tukuna.