Zanen Borja da Rawanin Ƙaya

A ƙasar Sipaniya akwai wani ƙaramin gari mai suna Borja. A bangon wata majami'a da ke bayan garin, wani mai zane, Elías García Martínez, ya zana fuskar Ubangijinmu Yesu wajen shekara ta 1930, da rawanin ƙaya a kansa, idanunsa suna duban sama. Ana kiran zanen Ecce Homo, wato maganar Bilatus da harshen Latin sa'ad da ya fito da Yesu gaban taro.

Danshi ya yi ta cin bangon, fenti yana ɓarewa. A shekara ta 2012 wata tsohuwa 'yar ikkilisiya, Cecilia Giménez, wadda ta haura shekara 80, ta ɗauki buroshi domin ta gyara.

Kada mu ɓoye gaskiya, 'yan'uwa, aikinta bai yi kyau ba. Gashi da gemu da rawanin ƙaya duk sun haɗe sun zama abu guda mai launin ƙasa, kamar hular sanyi. Bakin ya shafe. Idanun da suke roƙon Uba sun koma suna kallon gefe, ba baƙin ciki, ba jinƙai. Duniya ta yi dariya, har waɗansu suka ce biri ne. Ita kuwa ta ce ba ta gama aikin ba aka ɗauki hotonsa, abin kuma ya kwantar da ita don damuwa.

Mutanen garin ba su goge zanen ba. Sun sa masa kariya, dubban baƙi suna zuwa kallo, kuɗin shiga kuma yana taimakon gidan tsofaffi. Na yarda da abin da suka yi, ko da yake ba don kuɗin ba.

Ga dalilina. Na nuna wa 'yan ajin baftisma hoton zanen na fari, suka ce ya yi kyau, suka yi shiru. Da na ajiye na tsohuwar kusa da shi, sai baki ya buɗe. Wata yarinya ta ce, “Malam, ina ƙayar take?” Daga nan muka shiga Yohanna sura 19, muka yi sa'a guda a kan wahalar Almasihu. A gaban zane mai kyau ido yakan wuce da sauri, gama ya saba. Sai da ƙayar ta ɓace yaran suka gane ita ce take ɗauke da labarin.

Akwai kuma wani abin da zanen yake tonawa, wanda ya fi ba ni kunya. Shekara da shekaru bangon yana lalacewa a gaban masu ilimi da masu kuɗi, tsohuwa ce ta miƙa hannu. A majami'armu ma akwai hotunan Hanyar Gicciye 14 da wani ɗan'uwa ya zana tun da daɗewa, hannun Saminu Bakurane ya fi gicciyen tsawo. An kawo shawara a dattawan ikkilisiya a shafe su da farar ƙasa kafin Ista. Na roƙa a gyara rufin da yake yoyo a kansu tukuna.