Habakuk da Manomin Bici: Kada Mu Fara Karatu Daga Ƙarshe

Ɗan'uwa cikin Almasihu, in ka taɓa yin sujada a ƙauyukan ƙasar Bici a shekarar da ruwa ya ɗauke gero yana fid da kai, ka san ayoyin da mai wa'azi yakan buɗe: Habakuk 3:17-19. A nan annabin ya lissafa hasarar manomi ɗaya bayan ɗaya, daga ɓaure da inabi da zaitun zuwa gona da garke, sa'an nan ya ɗauri niyyar yin murna da Allah Mai Cetonsa. Ayoyi ne masu daɗi. Amma ina da ƙorafi a kan yadda muke karanta su.

Littafin Habakuk sura 3 ne, aya 56. Mu kuwa mun riƙe ukun ƙarshe, mun bar 53. Da haka muka mai da annabin mutumin da bai taɓa buɗe baki ya yi kuka ba, muka kuma koya wa junanmu cewa mai bangaskiya shi ne mai haɗiye baƙin cikinsa.

Koma farkon littafin ka gani. Habakuk ya rayu wajen shekara 600 kafin haihuwar Almasihu, lokacin da zalunci ya cika Yahuza. Da ƙara ya fara: ya daɗe yana kira, ba a amsa ba. Da amsa ta zo, sai ta fi tambayar nauyi, domin Allah ya ce Kaldiyawa zai tayar su hukunta ƙasar. Annabin bai ɓoye damuwarsa ba. Ya sāke tambaya, ya hau hasumiya a sura 2 yana jiran jawabi. A can aka ba shi maganar nan a kan rayuwar mai adalci ta wurin bangaskiya (2:4), wadda Bulus ya ɗauko a Romawa 1:17 da Galatiyawa 3:11. Sai bayan wannan kokawa duka aka kai ga murnar sura 3.

Tsarin littafin kansa wa'azi ne. Hausa ta ba mu kalmomi biyu da muke yawan cakuɗawa, dangana da dogara. Mai dangana ya fid da rai, ya yi shiru domin ba yadda zai yi. Mai dogara ya jingina nauyinsa a kan wanda ya sani, kuma ba ka jingina kayan da ka ɓoye. Habakuk dogara ya yi. Ubangijinmu ma a Getsamani sai da ya roƙa a ɗauke masa ƙoƙon kafin ya miƙa kai ga nufin Uba (Markus 14:36).

Dattawanmu sun ga farin 1973, sun ga cutar da ta cinye gyaɗa a 1975. Ka tambaye su yadda suka yi addu'a da rumbu ya ƙare tun kafin bazara. Ban yi tsammanin za su ce maka da waƙar murna suka fara ba. To, don me yau gwauruwar da gonarta ta ƙone za ta ji kunyar yin hawaye a taron addu'a, har mu yi mata gaggawar cewa ta yi haƙuri? Haƙuri yana da kyau, amma in mun toshe bakin mai kuka da shi, mun raba shi da addu'ar da Allah yake jira ya ji.

Ka lura kuma da kalmomin da suka rufe littafin: umarni ne ga shugaban mawaƙa, da kayan kiɗa masu tsirkiya. Ashe addu'ar nan ta jama'a ce, a gaban kowa ake rera ta, da rawar jikin da ke aya 16 a ciki.

Saboda haka, ɗan'uwa, in damina ta yi gardama bana, ka buɗe Habakuk daga sura 1. Ka faɗa wa Ubangiji abin da ke cin ranka da sunansa: bashin taki, kuɗin makaranta, rumbun da ya yi ƙasa. Ka jira kamar mai tsaro a kan hasumiya. Gari na wayewa ka saɓa fartanya ka nufi gona, ka bar sauran a hannun Mai ba da ruwa.