Gaɓa Biyu, Waƙa Ɗaya

Duk wanda ya tashi a bakin Komadugu, ya ji masunci na kira daga wannan gaɓa ana amsa masa daga waccan, ba zai sha wuyar fahimtar waƙoƙin coci masu rukuni biyu ba. Salon ya bunƙasa ne a Italiya cikin ƙarni na 16, ƙarnin da Mai Idris Alauma ya yi sarauta a Birnin Gazargamu. A 1550 aka buga wasu surorin Zabura da Adrian Willaert, shugaban mawaƙan cocin San Marko na Venis, ya tsara wa rukuni biyu. A 1575 kuma Palestrina, mawaƙin Roma, ya fitar da waƙar Kirsimeti mai muryoyi 8, huɗu a kowane ɓangare.

Mai saurare a Diffa zai iya cewa ai wannan amshi ne, irin na daren Maulidi sa'ad da ake rera Ishiriniyar Alfazazi. Kamannin na nan, amma ba ɗaya ba ne. A amshi akwai mai ja da masu karɓa. A waƙar Palestrina kuwa rukunan biyu tsara ne, ba babba ba ƙarami. Ɗaya ya kawo albishirin haihuwar Almasihu, ɗayan ya cafe kafin na farko ya numfasa, suna ta miƙa wa juna har muryoyin takwas su haɗu. Daɗin haɗuwar ya dogara ne ga rabuwar da ta gabace ta, domin sai kunne ya san dama da hagu kafin ya ji armashin tsakiya.

Nan ne wayar hannu ke tauye waƙar, domin ta bakinta guda rukunan biyu sun zama murya ɗaya. Cutar ba ta bar namu ba: lasifikar da ake ɗaurawa a wurin Maulidi takan ɗaga mai ja, ta danne masu amshi.

Saboda haka malamin da zai gabatar da wannan salo ga ɗalibansa, ya fara da raba aji gida biyu, ya bar fili a tsakani, su rera waƙar da suka sani. Ƙungiyoyin al'adu ma su kula da wannan fili a tarukansu, don ta cikinsa amshi ke ratsawa ya iso kunne.